Yatsu Biyu da Tsohon Faifai

Asabar, 2 ga Maris

Sandar ganga ta suɓuce mini sau biyu yau a ɗakin gwaji. Na farko na ce gumi ne. Na biyu na zaro wata na ci gaba da bugu. Zvonko ya kalle ni ta saman jitarsa ta bes, ya kau da kai.

Dubravko, mawaƙinmu da muke kira Dubi, ya zo a makare, ruwan saman garinmu Rijeka ya jiƙa shi sharkaf. Ko riga bai cire ba ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana washe baki. Wai Gordan ya kira shi, mai shirya bikin kiɗan nan na bakin teku. Suna son ƙungiyarmu, Jiƙaƙƙun Takalma, ranar 22 ga Yuni, a babban dandamali, mutum dubu huɗu ko fiye. Sharaɗi ɗaya ne: mu buga faifanmu na farko tun daga kai har ƙarshe, don bana ya cika shekara goma sha biyar.

Waƙa goma sha huɗu cikin minti ashirin da shida. Ina da shekara ashirin da biyu na buga gangunan faifan nan, lokacin hannuna bai san gajiya ba.

Na ce, "Shekara biyu muna gina sababbin waƙoƙi, yanzu kuma mu koma mu sa gajeren wando?"

Ya ce, "Haba tsohuwa, minti ashirin da shida fa. Kafin kofi ya huce mun sauko."

Na ce, "Dubi, shekararka talatin da takwas, ga furfura a gemu. Kai kanka malamin makaranta ne yanzu. Za ka hau ka yi ihu ka tsani malamai da ranar Litinin?"

"Har gobe na tsane su," in ji shi. Zvonko ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Mun rabu a kan kowa ya je ya yi tunani. Gordan ya ba mu zuwa ƙarshen Afrilu.

Litinin, 4 ga Maris

A shagon tabarau da nake aiki na kasa ɗaure 'yar ƙusar da ke riƙe ƙafar tabarau. Sau uku tana faɗuwa. Matar da ke jira ta ce ko ni ma ina bukatar tabarau ne. Na yi mata dariya.

Ƙaramin yatsa da na kusa da shi, hannun dama. Kamar an sa musu safa. Yau wata goma sha tara ke nan, in zan faɗa wa takarda gaskiya.

Alhamis, 7 ga Maris

Kofi da Zvonko a titin Korzo lokacin hutun rana. Ya ciro waya ya nuna mini wasu samari uku daga Zagreb, gashi kore, wando a yage, waƙa irin tamu ta dā sak. Mutum dubu ɗari huɗu sun kalla. Ba su da mai ganga. Kwamfuta ce ke buga musu.

Ya ce, "Kin ga abin ya dawo. Shekara goma ana ce mana kiɗanmu na pop punk ya mutu, a binne. Yanzu 'yan makarantar Dubi suna tambayarsa wai da gaske shi ne a bangon faifan nan."

Na ce abin bai dawo ba, kayan sawarsa ne suka dawo. Rabin masu yi yara ne da ke kwaikwayon ƙuruciyar wasu, sauran rabin tsofaffi ne da ke kwaikwayon tasu. Ko'ina ka duba wata ƙungiya na yawon bikin cikar faifai shekara ashirin, kamar taron tsofaffin ɗalibai. Ba mai rubuta waƙa a kan abin da ke damunsa yau.

Na yi magana mai tsawo, kuma ta yi daɗin ji. Zvonko yana ta juya cokali a kofin da ya riga ya shanye.

Ya ce, "Duk gaskiya ne, Vedrana." Shi ke nan. Bai ce "amma" ba, na dai ji ta.

Asabar, 9 ga Maris

Dubravko ya ce mu gwada tsofaffin ko sau ɗaya, mu ji yadda suke a jiki. Na yarda don ƙi zai jawo tambaya.

Waƙa ta farko na kai ƙarshe. Ta biyu na fara sata: inda hannun dama ya kamata ya buga takwas, na buga huɗu, na cike da ƙafa. Ta huɗu, wadda ake ce wa "Motar Ƙarshe Ta Wuce", bugu ɗari da casa'in a minti, a amshi na biyu yatsun suka daina jin sanda gaba ɗaya. Ina ganinta a hannuna amma ban san ina riƙe da ita ba. Na tsaya cak.

Dubravko ya juyo. "Me kuma?"

Na ce, "Ba zan iya ba." Sai na ji abin da na faɗa, na yi maza na ƙara, "Ba zan iya zama ina jin wannan shirmen ba. Sauti uku ne ake ta juyawa, Dubi. Waƙar yara ce."

Fuskarsa ta canja. Shi ya rubuta ta, a bayan littafin lissafi, ina zaune kusa da shi.

Ya ce, "Yaran nan su suka kawo ki inda kike."

Na ce, "Ina nake? Tsohuwar masana'antar takarda, ɗaki mai yoyo, ranar Asabar da safe?"

Ya ajiye jita a hankali ya fita shan taba. Ya daina taba tun da aka haifi 'yarsa. Ban san a ina ya samo ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Iska mai ƙarfi da sanyi tun safe. Ban fita ba. Na nannaɗe gwiwar hannu da tawul mai zafi, ba abin da ya canja.

Laraba, 20 ga Maris

Asibiti. Sun manna mini wayoyi a hannu suna sakin lantarki kaɗan-kaɗan, yatsu suna tsalle ba da izinina ba. Likitar mace ce, ba ta da kwana-kwana. Jijiya ce ta matse a gwiwar hannu, ta daɗe a matse, naman tafin hannu ya fara ramewa. Ta sa na ajiye hannuwa biyu a tebur na gani da idona. Akwai rami tsakanin babban yatsa da manuni a dama, babu a hagu.

Ta ce, "Me ya sa sai yanzu?"

Na ce aiki ya yi yawa.

Tiyata. Akwai gurbi 28 ga Mayu. Bayan nan wata uku ba ganga. Na tambaye ta saurin zai dawo? Ta ce jin taɓawa zai iya dawowa, ƙarfi ma wataƙila. Sauri kuwa ba ta yi wa kowa alkawari. In na ƙi yi kuma na ci gaba da dukan ganga haka, nan da shekara ba maganar kiɗa za mu yi ba, maganar riƙe cokali ce.

Na ce zan kira in tabbatar. Na sayi burek, wainar fulawa mai nama, a hanya na kasa ci.

Lahadi, 24 ga Maris

Abincin rana a gidan Mama a unguwar Trsat. Miyar wake. Ta ce, "Yaushe kika koma ci da hagu?" Na ce ina horar da shi ne saboda kiɗa. Ta ce, "To," ta ƙara mini burodi. Da zan tafi ta riƙe hannun daman ta daɗe tana kallo, sannan ta sake shi.

Asabar, 6 ga Afrilu

Yau mun ɗauki sabuwar waƙa a situdiyon Ljerka, waƙar da Dubravko ya rubuta wa mahaifinsa. Shekara talatin da ɗaya mutumin yana walda a tashar ƙera jiragen ruwa, ya mutu bara bai taɓa zuwa kallonmu ba. Lokacin da Dubi ya fara kawo waƙar a guje take, irin yadda muka saba. Ni na ce a rage gudu, a rage, a ƙara ragewa, har ta dawo bugu ɗari da huɗu a minti. Ni na ce a bar wa kalmomin wuri.

Mun saurara a manyan lasifikoki. A baiti na uku inda jita ke yin shiru, muryarsa kaɗai da ƙafata a babbar ganga, Ljerka ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce shekara goma sha biyar tana ɗaukar mu, yau ne ta fara jin ƙungiya, dā can hayaniya ce mai daɗi.

Waƙar ta yi kyau. Wannan ba ƙarya ba ne. Ta fi duk abin da muka taɓa yi.

Abin da ban sani ba: na rage mata gudu don ita, ko don ni? Na zauna a motar haya ina ta lissafi, waƙa bayan waƙa, duk tara da muka yi cikin shekara biyun nan. Duk ni ce na ce a rage. Ko sau ɗaya ban ce a ƙara ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Na kira asibiti. Na karɓi 28 ga Mayu. Ba wanda ya sani.

Asabar, 13 ga Afrilu

Gwaji ba daɗi. Ba mai ambaton bikin, kowa kuma shi yake tunani. Dubravko ya karya waya biyu na jita. Zvonko ya kawo lemo ya ɓare ya raba uku kamar muna makarantar firamare.

Dabara ta zo mini a hanya: in na dage a kan ba na son tsofaffin waƙoƙi har Afrilu ya ƙare, bikin ya wuce da kansa. Sai in ce zan je wurin ƙanwata a Graz wata uku. In dawo da ɗan tabo a gwiwar hannu, in ce faɗuwa na yi. Sababbin waƙoƙin kuwa zan iya buga su ko da rabin hannu.

Da na rubuta shi a nan sai ya fi muni.

Asabar, 20 ga Afrilu

Abin da nake so ya faru, kuma ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Dubravko ya riga mu zuwa, abin da bai taɓa yi ba. Yana zaune a kan akwatin lasifika. Ya ce mu zauna, yana da magana.

Ya ce ya saurari tsohon faifan a mota sau uku a makon nan, sannan ya saurari waƙar babansa. Ya ce, "Tsohuwa, kin fi ni gaskiya. Na ji kunyar kaina. Yaro ne yake ihu a kan ba komai. Da Baba ya zo ya ga wannan, da ya ce ai shi ya sa bai zuwa." Ya yi dariya, ba irin ta daɗi ba. Ya ce ran Litinin da ƙarfe goma, lokacin hutun makaranta, zai kira Gordan ya ce mun gode.

Zvonko ya ce, "Lorena fa? Ka riga ka gaya mata."

Lorena 'yarsa ce, shekararta tara. Ba ta taɓa ganinsa a dandamali ba, sai a ƙananan wuraren da ba a shiga da yara.

Dubravko ya ce, "Za ta gan ni wata rana ina yin abin da ba zan ji kunya ba." Sai ya juyo gare ni. "Na gode da kika tsaya tsayin daka. Kullum kunnenki ya fi nawa."

Na ce ba komai. Wallahi abin da na ce ke nan, ba komai.

Zvonko bai kalle ni ba har muka tashi. Wannan ya fi kallon ciwo.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na sa tsohon faifan ina wanke-wanke. Ba ihu a kan ba komai ba ne. "Motar Ƙarshe" a kan ranar da mahaifiyar Dubi ta tattara kaya ta bar gida ne, ya tsaya a tasha yana jira ko za ta sauko daga wata motar. Ya ɓoye abin cikin gudu da barkwanci don kar a gane. Ni kaɗai ya gaya wa. Ni kuma na ce masa waƙar yara.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na ce wa mai shago zan je likitan haƙori. Tara da rabi ina bakin ƙofar makarantar su Dubravko. Na aika masa saƙo: kar ka kira kowa, fito.

Ya fito da alli a hannun riga. "Lafiya? Wa ya mutu?"

Ban san ta inda zan fara ba, sai na ɗora hannuwa biyu a kan katangar makarantar, kamar yadda likita ta sa ni. Na ce ya duba. Ya duba bai gane ba. Na nuna masa ramin. Na gaya masa duka: yatsun, wata nawa, tiyatar, ranar. Na ce ba zan iya buga tsohon faifan ba, ba wai ba na so ba ne.

Na ɗauka zai tausaya, ina ma tsoron tausayin. Bai tausaya ba.

Ya ce, "Tun yaushe kika ce?"

"Agustan bara waccan."

Na ga yana lissafi. Ya ce, "Wato duk lokacin da kika ce a rage gudu."

Na ce, "Ban sani ba, Dubi. Wasu don waƙar ne. Wasu..."

"Wanne ne wanne?"

"Ban sani ba."

"Ta Baba fa?"

Na sauke hannuwana daga katangar. Yara suna ta ihu a filin wasa a bayansa.

Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Da kin ce hannu ne, Vedrana, da na ɗauke ki a baya na kai ki asibiti. Da na buga duk waƙar duniya a hankali. Amma kin bar ni shekara biyu ina jin kunyar abin da na fi so a rayuwata. Kin bar ni na yi miki godiya. Shekaranjiya na yi miki godiya."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ƙararrawa za ta buga. Ba ta buga ba sai bayan minti goma, ina tsaye a wurin na ji ta.

Laraba, 24 ga Afrilu

Shiru.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Zvonko ya zo shago wai a gyara masa tabarau, alhali ba abin da ya same su. Ya ce ya sani tun bazarar bara. "Ni mai bes ne, tsohuwa. Shekara goma sha tara ina kallon hannunki na dama don in san inda zan sa ƙafa. Ranar da kika canja riƙon sanda na gani."

Na ce me ya sa bai yi magana ba.

Ya ce, "Me ya sa ke ba ki yi ba?" Sannan ya ce shi ma Dubi ya daina ɗaukar wayarsa, don ya gaya masa ya sani. Yanzu mu biyu ne masu laifi.

Na tambaye shi ko ƙungiyar ta mutu ke nan. Ya ce ta sha mutuwa, amma wannan karon bai san ba.

Ba a ce wa Gordan a'a ba. Ba a ce masa e ba. Saura kwana huɗu.

Talata, 30 ga Afrilu

Saƙo daga Dubravko, ba gaisuwa: "Na ce wa Gordan za mu zo. Tihomir zai buga. Ki koya masa. Asabar 11."

Tihomir. Mai bugawa a bukukuwan aure da otal-otal ɗin garin Opatija, shekara arba'in da biyar, mai sa riga mai ƙyalli. Mun sha yi masa dariya a bayan ido.

Na rubuta "to". Na rubuta wasu abubuwa da yawa na goge.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban taɓa tsayawa a ɗakin nan ba, kullum a zaune nake a bayan ganguna. Ban san inda zan sa jikina ba.

Tihomir ya zo da takardu, ya rubuta kowace waƙa da alamomin kiɗa, har kurakuraina. Ya ce, "Ranki ya daɗe, a waƙa ta bakwai kin makara da rabin bugu a ƙarshe. Da gangan ne ko in gyara?"

Zvonko ya ce, "Ka bar shi, ta shekara goma sha biyar tana cewa da gangan ne."

Tihomir ya daidaita kujerata ya ɗaga ta sama.

Ya buga tsaf. Ya fi ni tsabta, wannan ba gardama. Ɗari da casa'in a wurinsa kamar yana shan shayi. Amma yana zaune daidai kan bugun, kamar akawu, waƙoƙin kuwa so suke a tura su daga baya, kamar za su faɗi a kan fuska amma ba su faɗi ba. Na kasa yi masa bayani da baki. Daga ƙarshe na tsaya a bayansa ina dukan kafaɗarsa da hannun hagu, ina gaba da shi kaɗan. A zagaye na uku ya kama. Ya juyo yana haki ya ce, "Kai! Ashe gudun tsira kuke yi, ba kiɗa ba."

Dubravko bai yi mini magana kai tsaye ba ko sau ɗaya. "A gaya mata." "A tambaye ta." Muna ɗaki ɗaya mai faɗin taku shida.

Asabar, 18 ga Mayu

Haka dai. Da za a tashi ya ce, yana kallon bango, wa zai kai ni asibiti. Na ce Mama. Ya ce Mama ba ta tuƙi. Na ce akwai tasi.

Talata, 28 ga Mayu

Shida da rabi na safe motar Dubravko tana ƙofar gida. Ba mu yi magana ba har asibiti. Rediyo ma a kashe. Da zan sauka ya ce, "Har yanzu ina fushi." Na ce na sani. Ya ce, "Je ki."

Juma'a, 31 ga Mayu

Da hagu nake rubutu. An yi. Ciwo. Mama ta tare a nan, tana ta gyara abin da bai lalace ba.

Litinin, 10 ga Yuni

An cire zare. Ƙaramin yatsa yana zugi kamar ana tsikara da allura. Likita ta ce alama ce mai kyau. Na riƙe biro da dama minti biyu.

Lahadi, 23 ga Yuni

Zan rubuta a hankali, ina hutawa.

Jiya ƙarfe shida na yamma aka sa mu, rana ba ta faɗi ba. Na ce "mu". Zvonko ya ba ni katin shiga baya, amma na fita na tsaya cikin mutane kusa da wurin mai haɗa sauti, hannu a cikin madauri don kar a buge ni. Ban taɓa ganin ƙungiyata daga gaba ba. Ashe Dubi yana ɗaga ƙafar hagu in zai shiga amshi. Shekara goma sha tara bayansa kawai na sani.

Mutanen kala biyu ne, kamar yadda na gaya wa Zvonko a Korzo. Masu sanƙo da tumbi, wasu da yara a wuya. Sai 'yan shekara sha bakwai masu koren gashi. Abin da ban faɗa masa ba, don ban sani ba: duk sun haddace. Wani ƙato kusa da ni, rigar kamfanin gyaran famfo a jikinsa, yana rera "Motar Ƙarshe" hawaye na zuba, bai ma goge ba. Ban san wa yake jira a tasa tashar ba.

Tihomir ya tura su yadda na koya masa. A waƙa ta bakwai ya makara da rabin bugu, ya nemo ni da ido cikin taron ya ɗaga gira. Ɗan banza.

Sun gama a minti ashirin da biyar. Saura musu minti biyar na lokacinsu. Na ga Dubi ya je ya yi wa Zvonko raɗa, ga Gordan a gefe yana nuna agogo. Sai ya dawo makirfo ya ce akwai wata sabuwa, ta mahaifinsa ce, ba ta da gudu, wanda yake jin ƙishi ya je ya sha giya ba zai ji haushi ba.

Sun je kuwa. Kusan rabi suka juya baya, na gani da idona. Masu koren gashi suka ciro wayoyi suna dannawa. Ya fara a ɗari da huɗu daidai, bai ƙara ko ɗaya ba, ni kuma ina ƙirgawa. A baiti na uku da jita ta yi shiru, ana jin hayaniyar masu layin giya da kukan tsuntsayen teku. Muryarsa ta yi rawa amma ya kai. Waɗanda suka tsaya sun tsaya shiru. Tafin bai kai na tsofaffin ba, ko kusa.

A baya Lorena ta maƙale masa a wuya tana cewa ya yi wari. Ya hango ni ta saman kanta. Ya ce, "Na gwada ta a guje a gida, sau goma. Ba ta yiwuwa. Wannan dai kin yi gaskiya." Ya ɗan tsaya. "Sauran takwas ɗin sai mun sake zama."

Na ce to. Hannu ya gaji da rubutu.

Laraba, 3 ga Yuli

Mun zauna a kan takwas ɗin a gidan Zvonko da rana. An yi faɗa. Uku za a sake ɗauka da gudu. Cikin ukun na kare biyu har na yi ihu, ɗaya kuwa tun kafin su buɗe baki na ce a sake.

Asabar, 13 ga Yuli

Mai gashin ƙashi ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Ta ce Satumba zan fara taɓa sanda, minti biyar a rana. Na tambayi sauri, ta ce in bar gaggawa. Duk bakinsu ɗaya.

Dubravko ya zo da hantsi da jitarsa ta katako, ya zauna a kicin ya cinye wa Mama rabin kek. Sabuwar waƙa, jiya ya gama. A kan mutum ne da ke tuƙa wani zuwa asibiti yana fushi da shi. Na ce ban san ko wane ne ba. Ya ce ai ƙirƙira ce.

Ya buga ta a hankali, wajen ɗari da goma. Na san dalili. Gudun da zan iya ne a Satumba. Ya gama ya ce, "Yaya?" yana kallon tebur.

Na ce ya sake. Na fara dukan tebur da hagu, ina gaba da shi, yana bina, ina ƙarawa. Kofuna suna rawa, Mama ta leƙo ta koma. Inda muka tsaya ya kai ɗari da tamanin, ko fiye. A nan fushin ya fito, barkwancin ma ya fito. A hankali kuka kawai take yi.

Ya ɗora tafi a kan wayoyin jita. Ya ce, "Ba za ki iya buga ta haka ba."

Na ce, "Na sani."

"Wataƙila har abada."

"Na ce na sani. Haka take so. Ka kira mai riga mai ƙyalli."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce amshin bai zauna ba tukuna, ko ina da wata dabara. Ina da ita. Mun kai ƙarfe biyu a kai.

Ba wani abu ba ne. Waƙar ce kawai ba ta yi a hankali.